Yayar Kaka a Cikin Littafi

Shekarar da na gama sakandare a Yelwa, na koma garinmu da ke bakin tafki, kusa da Warra, in jira sakamako. A gidanmu jiran sakamako ba ya cikin jerin ayyuka. Washegarin dawowata Inna ta nuna mini gangar banda, ta ce ga makarantata ta gaba. Babanmu masunci ne. Shi zai kamo, mu kuma mu feɗe, mu wanke, mu lanƙwasa tarwaɗa mu soke ta da tsinke, mu jera a kan waya, sannan a zauna gadin wuta tun hantsi har la'asar. Gadin wutar nan ne ya faɗo a kaina, ni da Kaka, mahaifiyar babanmu. Idonta ya soma rauni a lokacin, amma hancinta kan gaya mata kifi ya yi ko da saura tun tana daga bakin zaure.

A ƙasan akwatina na dawo da wani littafi da ƙawata ta ara mini, na ɗaya da na biyu, an ɗinke su wuri guda da zare. Ba su da bango. Yayar ƙawar tawa ce ke yage bangon duk littafin soyayyar da ya shigo gidansu, don kada babansu ya gane. Saboda haka har yau ban san sunan littafin ba, ban kuma san wanda ya rubuta shi ba, ko mace ce ko namiji.

Labarin wata yarinya ne da ta je bakin kogi wankin ƙore. Ƙwarya ɗaya ta suɓuce mata ta bi ruwa, ta bi ta, sai ga wani saurayi tsaye, ruwa har ƙugunsa, yana miƙo mata ƙwaryar. Da ta duba, rigarsa ko ɗigon ruwa babu. Ɗan sarkin aljanun ruwa ne. Daga nan ya ja ta zuwa birninsu da ke ƙarƙashin kogi.

Kada a tambaye ni me ya sa na haukace a kan wannan littafi, don na sha tambayar kaina. Na san dai a birnin nan ba a hura wuta. An faɗa a shafi na ashirin da wani abu cewa babu hayaƙi ko kaɗan a can, tufafin mutane ƙanshin ruwan sama na farko suke yi. Ni kuwa ina zaune idanuna jajur, gashina da zanena da abincina duk warin banda. Ga shi kuma saurayin ba ya ɗaga murya. In zai yi abu sai ya dubi yarinyar ya ce, me kike so? Ni a rayuwata ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba, sai dai in za a raba kan kifi da wutsiya. Ina jin kunyar faɗa, amma na so aljanin nan so na gaske, har haushin yarinyar nake ji in ta yi masa gardama.

Kwana uku da fara karatun na ƙona kifin waya guda. Ina can ƙarƙashin ruwa ana nuna mini fada, wuta ta tashi ta lashe karfasa ta mai da ita gawayi. Kaka ta ɗan kewaya ne a lokacin. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta rantse in ta ƙara ganin littafin a hannuna shi za ta yi banda da shi. Da ƙura ta lafa, Kaka ta matso kusa da ni.

"Ke 'yar boko, mi anka sa cikin takardar ga da har ta hi kihin ubanki?"

"Labari na, Kaka."

"To ki riƙa karantawa da ƙarhi. Ni in duba wuta, ke ki ba ni labari. Kowa ya huta da bakin uwarki."

Na ga wannan shiri ya yi mini, ban yi tunanin komai ba. Na koma farkon littafin na soma. Kaka tana juya kifi tana dariyar yadda aka zuba wa yarinyar kyau, wai idonta kaza, wuyanta kaza. Ta ce in haka take wa zai bar ta ta yi wanke-wanke? Muna cikin haka na iso inda ƙwaryar ta bi ruwa. Sai dariyar ta tsaya. Na ɗago kai, na ga Kaka riƙe da kifi a sama, ba ta ajiye ba, ba ta juya ba.

"Ƙore tat tahi wanki?"

"I, Kaka."

"Maimaita min wurin ga."

Na maimaita. Ta ajiye kifin a hankali, ta goge hannu a zane, ta ce, "Ita ta. Yayata ta."

Na san labarin sama-sama, kamar yadda kowa a gidan ya sani. An haifi Kaka a wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, tun kafin a tsare ruwa a yi tafkin nan. Tana da yaya mace da ta girme ta da shekara biyar ko shida, ita ta goye ta, ita take yi mata kitso. Wata safiya yayar ta tafi wankin ƙore, ba ta dawo ba. An sami ƙoren a jere a bakin ruwa, saura ɗaya. Maza sun yi kwanaki suna nema da jirage, ba a ga ko zanenta ba. A wurinmu in ba a ga gawa ba, tsofaffi ba sa cewa mutum ya mutu, sai su ce ruwa ya ɗauke shi. Sauran dangi sun daɗe da haƙura. Kaka ce kaɗai ba a isa a ce "marigayiya" a gabanta ba.

Na yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi in ya rasa abin yi. Na ce, "Haba Kaka, ƙagaggen labari na hwa. Wani na yaz zamna ya shirya shi daga kainai."

"Wane na shi?"

"Ban sani ba, bangon ya yage."

"To kin gani. Ba ki san shi ba, amma kin san ƙarya yay yi."

Ta ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai yi wa yaro bayani. Ta ce tana yarinya wasu mutane suka zo gungunsu da takarda, suka karanta, suka ce ruwa zai hau har ya rufe rimin da ke bakin kasuwa. Tsofaffi suka yi ta dariya, wa ya taɓa ganin ruwa a saman rimi? "Yanzu ina rimin?" in ji ta. "Ubanki bisa kainai yaka wucewa da jirgi. Abin da anka sa ga takarda ba wasa ba na."

Ita ke nan takardar da ta taɓa shiga rayuwar Kaka, kuma ta faɗi gaskiya. Ni da na yi shekara goma sha biyu ina boko na rasa ta inda zan ɓullo mata. Na ce a raina kwana biyu za ta manta.

Ba ta manta ba. Washegari ita ta riga ni zuwa gindin ganga, ta hura wuta, ta shimfiɗa mini tabarma. Daga ranar karatunmu ya canza. Ni ina karatu don in ji yadda soyayya za ta kaya, ita kuwa tana sauraro don ta ji halin da 'yar'uwarta ke ciki. Ta ɗauki aljanin nan nawa a matsayin suruki, ta shiga binciken asalinsa. Yana salla? Mene ne sana'arsa ban da zama ɗan sarki? Wa ya ba shi aurenta, tun da babu wanda ya zo gungu neman izini? Da aka zo inda ya cire rigarsa ya lulluɓa mata saboda sanyi, ta gyaɗa kai ta ce, "To, yana da tarbiyya." Na ji daɗi kamar ni aka yaba wa miji.

In na iso wuraren da ake zuba kalaman soyayya, sai in yi tsalle in wuce, don ba zan iya furta su a gaban kakata ba. Ba ta taɓa kasa kama ni ba.

"Kin tsallake."

"Ban tsallake ba."

"Muryarki ta sauya. Koma baya. Mijinta na, mi ab abin kunya?"

Haka zan koma in karanta, kaina a ƙasa, ita kuwa tana murmushi tana korar ƙuda.

Abin da ya fara rikita ni shi ne tambayoyinta. Wata rana ta ce, "Tana da wushirya?" Na ce ba a faɗa ba. Ba mu yi shafi uku ba sai ga wushirya. Na lallashi kaina da cewa duk yarinyar da ke cikin irin waɗannan littattafai tana da wushirya, ai kamar dole ce. Amma bayan kwana biyu ta ce yayarta bahaguwa ce, an yi dukan an gaji ba ta daina ba. A cikin littafi na biyu, ranar da aka kai yarinyar gaban sarki, aka miƙo mata ƙoƙon sha, sai ta karɓa da hagu, fada ta ɗauki salati. Na tsaya na sake karanta layin a zuci sau uku. Daga baya na ga an ce hannun damanta ne ke ciwo. Na nuna wa Kaka haka, ta ce ai dama haka yayarta ke cewa kullum in an kama ta.

Daga nan ni ma na daina sanin inda na tsaya. Na san ƙarya ce, na san a wani birni aka buga shi da inji. Amma in na je ɗibar ruwa sai in tsaya ina kallon tsakiyar tafki, ina cewa to wa ya sani? Mu da muka tashi muna jin cewa akwai masu ruwa, ana hana mu shiga wasu wurare da tsakar rana, malamai ma ba su ce babu aljanu ba. Wanda ya rubuta ɗin, a ina ya ji? Sai kuma in tuna jarrabawar kimiyya da na rubuta wata biyu da suka wuce, in ji kamar in mari kaina.

Da sarkin aljanu ya sa aka kulle yarinyar kwana bakwai a ɗakin da babu haske, don a gwada ta, Kaka ba ta ci tuwo ba ran nan. Ta ce yayarta na tsoron duhu. Washegari na mai da kwana bakwai ɗin kwana biyu, na ƙara da cewa wata baiwa na kai mata fitila a ɓoye. Babu wata baiwa a littafin, ni na haife ta a gindin ganga. Kaka ta dube ni ta daɗe, sannan ta ci abinci. Ni kuwa na rasa wanne ne ƙarya a cikin abin da nake yi mata, in na karanta daidai ne, ko in na canza?

Littafi na biyu ya ƙare a mugun wuri. Sarki ya yanke cewa akwai ƙofa tsakanin ruwa da tudu, za a buɗe ta rana ɗaya tak, a kai yarinyar bakinta. Shi ke nan, sai a nemi na uku. Na uku kuwa ba ya hannuna.

Wannan ƙofa ta hana Kaka sukuni. Damuwarta ita ce, in an buɗe, a tsohon gungu za ta buɗe, gungun kuma yana ƙarƙashin tafki. Yayarta ba ta san an tashe su ba, ba ta san garin da gwamnati ta gina musu ba. In ta fito, wa za ta tambaya? Sai ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da ta idar da sallar safe ta karya, sai ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta tafi bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale har rana ta yi zafi. Duk jirgin da ya iso sai ta miƙe ta leƙa.

Inna ta ja ni bayan ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan tsorata ni.

"Kin ga abin da kinka jawo? Tsohuwar ga shekara nawa tana zamne lahiya. Ki samo ƙarshen abin ga ki rufe shi, ko ki san yadda za ki hwaɗa mata gaskiya."

"Na hwaɗa mata, Inna. Ba ta yarda ba."

"To ki samo ƙarshen. Allah Ya sa ba kashe ta anka yi ba."

Wannan addu'ar ta Inna ta tsaya mini a rai. Sai ranar na lura ita ma tana maganar yarinyar littafin kamar wadda ta san ta.

Sai da aka yi mako uku kafin a aike ni Yelwa da kwalayen kifi ranar kasuwa. Na damƙa kayan ga dillaliyar da muke kai wa, na hau kabu-kabu zuwa gidan ƙawata. Na uku yana nan, shi ma ba bango, siriri, gefensa duk manja. Na riga na yanke shawara tun a hanya: zan karanta shi ni kaɗai a jirgi. In an kashe yarinyar, in jefa shi a tafki, in ce ban samu ba.

Na zauna tsakanin buhunan albasa, injin jirgi na ta ƙara, na buɗe. Ban san lokacin da muka bar gaɓa ba. Aka kai yarinyar bakin ƙofa. Tana hango hayaƙin garinsu, tana jiyo daka. Mijinta, wanda ya yi yaƙi da ubansa saboda ita, ya saki hannunta, ya ja da baya, ya ce ga hanya nan, ba zai riƙe ta ba. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu. Sai ta juyo da gudu ta kama hannunsa, ta ce ba ta da wani gida sai inda yake. Ƙofa ta rufe. Ta zama sarauniya, ta haifi tagwaye.

Na yi kuka har da majina. Wata mata mai albasa da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Ɗiyata, wa yar rasu?" Na ce babu kowa, daɗi ne. Ta janye hannunta ta ɗan matsa. Ban taɓa karanta ƙarshen da ya yi mini daɗi irin wannan ba, har yau kuwa, da nake karanta irinsu a wayar hannu. Ga shi kuma na samo wa Kaka abin da ya fi ƙarfin fatana: yayarta na raye, ana sonta, tana mulki, ga 'ya'ya. Na sauka daga jirgi ina jin kaina kamar mai kawo albishir.

Washegari da hantsi muka zauna. Kaka ba ta je bakin ruwa ba, amma ta ɗaura zanen bikin. Inna ma ta kawo tsintar shinkafarta kusa, wai inuwa ta fi a nan. Na karanta ban tsallake ko layi ɗaya ba, ina gyara murya, ina ja inda ya kamata a ja. Da na kai ƙarshe na rufe littafin na dubi Kaka, ina jiran guɗa.

Ba ta yi guɗa ba. Tana kallon wuta.

"Ya sake mata hannu?"

"Ya sake, Kaka."

"Babu mai riƙe da ita?"

"Babu."

"Ƙohwa buɗe, tana ganin gari?"

"Tana gani. Amma Kaka, kin ji ai, sarauniya ta zama. Har da tagwaye."

"Na jiya. Ba ta ba da saƙo ba? Ba ta ce a gai da kowa ba?"

Na sake buɗe littafin, na bi shafukan ƙarshe da yatsa. Na koma baya, na ƙara komawa. Babu. Yarinyar ba ta ambaci uwa ba, ba ta ambaci uba ba. Ƙanwa kuwa, da na tsaya na yi tunani, tun daga littafi na ɗaya ba a taɓa cewa tana da ita ba. Ni da na karanta shi sau biyu ina kuka, ko sau ɗaya ban tuna da mutanen da ke bayan hayaƙin nan ba. Hannun da ta kama kawai nake kallo.

Layi ɗaya ya ishe ni. In ce ta tsaya ta ce a gaya wa ƙanwarta tana lafiya. Na kafa ido a kan shafin kamar na gano wani abu, na ja numfashi.

"Kar ki ƙara min," in ji Kaka. "Na san muryarki."

Inna ta daina tsintar shinkafa. Kaka ta ɗauki kifi ɗaya ta juya, ta juya na biyu, duk da ba su isa juyi ba.

"To ba ita ba ta," ta ce. "Tamu da ta taho. Ko ba ta zamna ba, da ta leƙo ta gan ni. Tamu riƙe ta anka yi."

Fiye da wata guda ina neman ta faɗi wannan magana, cewa ba yayarta ba ce. Ga shi ta faɗa da bakinta, ni kuwa na ji kamar na ƙwace mata wani abu na jefa a ruwa. Na so in ce mata ai babu wata yarinya ko kaɗan, ba tamu ba, ba ta kowa ba. Na so kuma in ce mata a'a, ita ce, marubucin ne ya manta. Sai kawai na zauna riƙe da littafi kamar wata sakarya.

Ta miƙe da ƙyar, ta ce bari ta je ta sauya zane kada hayaƙi ya ɓata shi. Ta kai bakin ƙofar ɗakinta, sai ta juyo.

"Ki mai da ma masu shi da wuri. Iyayen ɗiyar ga na can wani wuri suna jira." Ta ɗan tsaya, hannunta a kan labule. "Amma in kin gane su, ki ce musu ba ki samu na ukku ba."